Amarya Mai Guduma

Ina tsaye a kan benci a kicin ɗin gidan da zan tare, kabad ɗin sama a jingine da kafaɗata, injin huda bango a hannuna, na ji an banko ƙofar falo da ƙarfi.

"Mansura! Ina Baba?"

Muryar Awaisu ce, saurayin da zan aura, amma ban taɓa jin ta a haka ba.

Na waiwaya a firgice. Gwiwata ta bugi sandar da na tokare kabad ɗin da ita, sandar ta zame, nauyin katakon gaba ɗaya ya sauko mini a wuya.

Kafin in yi ƙara ya iso. Ya shiga ƙarƙashin kabad ɗin ya tallafe shi da hannu biyu, kansa dab da kafaɗata, yana haki, rigarsa duk ƙaiƙayin masara.

"An ce Baba ya faɗi..." ya ce.

"Wa ya ce? Baba yana masallaci. Yanzun nan maƙwabci ya riƙe shi suka tafi la'asar."

Ya dube ni, na dube shi.

Ba mu kai ga gane komai ba muka ji sallama a bakin ƙofar kicin.

Hajiya Uwa ce, mahaifiyarsa. A bayanta ga Ladidi, 'yar ƙanwarta, riƙe da ledar magani, tana wani ƙifta ido kamar wadda ta ga abin tsoro.

Na san yadda nake a idon Hajiya a lokacin. Mayafi ɗaure a ƙugu, fensir soke a gefen ɗankwali, garin katako har a girata. Ga ɗanta a gefena, ba kowa a gidan sai mu biyu.

Ba ta ɗaga murya ba.

"Sauke shi ƙasa," ta ce wa Awaisu. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Hajiya, wallahi kira na aka yi..."

"Ban tambaye ka ba."

Muka sauke kabad ɗin tare. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"'Yar Malam Sada, haka ake yi a gidanku? Amarya ta riga 'yan jere shiga ɗakin miji?"

"Hajiya, tare da Baba nake zuwa kullum. Salla ya je."

"Ni dai abin da idona ya gani na sani."

"Ai na sha faɗa miki, Inna," in ji Ladidi a hankali, "kina cewa sharri nake yi..."

Hajiya ta dubi injin da ke hannuna, ta dubi ramukan da na huda a bango, sannan ta gyara mayafinta.

"Maganar biki a dakata tukuna. Kai kuma wuce mu tafi."

Ya bi ta. A bakin ƙofa ya waiwayo, na gyaɗa masa kai alamar ya je.

Ban yi kuka ba. Na kwashe kayan aikina na zuba a jaka, na share garin katakon, na zauna ina jiran Baba.

Ni kaɗai Allah ya ba Malam Sada kafinta na unguwar Makera a Funtua. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, Gwaggo ƙanwar Baba ita ta riƙe ni, amma a shagon Baba na tashi. Tun ina miƙa masa ƙusa har na iya riƙe zarto. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannunsa na dama ya daina aiki, ni na ci gaba da buɗe shagon.

A nan Awaisu ya same ni.

Manomin masara ne daga Mahuta. Ya sayi fili a Jabiri yana gina gida mai sashe biyu da hannunsa. Duk kaka in ya sayar da amfani sai ya ɗora wani abu. Shi ya buga bulonsa, shi ya ɗora shi, in ya kakare ya tambayi birkila ya dawo ya ci gaba. Da ya kai ga ƙofofi sai ya zo shagonmu.

"Ina maigidan?" ya tambaya.

"Ga ni," na ce.

Ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Da na karɓi awon da ya zo da shi na ce masa ƙofar bayi ba za ta shiga ba sai ya sake aunawa, sai dariyar ta tsaya. Washegari ya dawo da sabon awo. Rana ta uku ma ya dawo, ba awo ba komai, wai ya zo duba jikin Baba.

Kafin damina ta wuce manyansa sun zo, an sa rana.

Kayan kicin kuwa a kan iyayen amarya suke. Baba ya ce ba wani kafinta da zai taɓa kicin ɗina. Gwaggo ta yi faɗa, ta ce mutane za su yi da mu, amma Baba ya nemi izinin kawun Awaisu, aka ba mu makulli. Muka yanka katakon filawud a shago, muka haɗa akwatunan, muka ɗora a keke napep. Kullum da hantsi Baba zai zauna a kujerar roba a ƙofar kicin yana faɗa mini, ni ina yi. Mun gama na ƙasa da durowoyi da mazaunin sinki. Na sama ne suka rage.

Shi Awaisu ba ya zuwa in muna nan. Alƙawarin da ya yi wa Baba ke nan, bai kuma taɓa saɓawa ba sai ranar.

Da Baba ya dawo daga masallaci na faɗa masa komai. Ya saurara, hannunsa mai lafiya yana murza carbi.

"Laifina ne," ya ce. Maganarsa tana fita a karkace tun da ya yi ciwon.

"Ba laifinka ba ne, Baba. Tashi mu je gida."

Bayan magariba Awaisu ya kira ni.

"Kafintata..."

"Na'am, manomi."

"Kin yi fushi da ni?"

"Da ka yi me? Ka ji an ce Baba ya faɗi, ka bar buhunanka a kasuwa ka taho. In ba ka zo ba ne zan yi fushi."

Na ji ya sauke numfashi.

"Wa ya kira ka?" na tambaya.



"Ladidi."

Na lumshe ido. Ladidi tana zaune a Funtua wurin yayarta, kusa da ginin. Ta san lokacin da Baba ke fita salla. Ita ta raka Hajiya asibiti a ranar, ita kuma ta ce su biya su ga gini.

"Tun muna yara ake tsokanarmu da ni da ita," ya ce. "Ni wasa na ɗauke shi. Yanzu zan je in same ta, wallahi sai ta..."

"Ba inda za ka. Ka bari Hajiya ta huce, ka nuna mata kiran a wayarka, ka yi shiru. Hajiya ba yarinya ba ce."

"In ta ƙi fa? Mansura, ni ba zan iya rabuwa da ke ba. In ta kama in je wurin kawu a ɗaura ba da ita ba..."

"Kar ka ƙarasa. Ba zan shiga gidan da mahaifiyarka take kuka da shi ba."

"To ki bar ni ke nan?"

"Wa ya ce? Masoyi, ka gina gida tun daga tushe ba ka gaji ba. Wannan ne zai gajiyar da kai?"

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Akwai wani abu," ya ce. "A hanya Hajiya ta ce ita ba ta son suruka mai guduma. In ta ce sai kin bar aikin?"

"Kai me ka ce?"

"Ni da guduma na gan ki, rabin raina. Da ita na so ki."

"To shi ke nan. Sauran ka bar mini."

Na kashe wayar, sai a lokacin hawaye ya zo. Na bar shi ya zuba, na wanke fuskata, na je na ba Baba maganinsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Magana ta zaga Makera. Wata ta ce an kama mu a ɗaki, wata ta ce an fasa. Gwaggo ta daina zuwa suna da biki. Ni kuwa kullum ina buɗe shago, ina gaisawa da kowa, kaina a sama. Akwai wata mata da ta zo wai tana son benci, ta zauna tana kallona tana jiran in yi maganar. Na auna mata bencinta na sallame ta.

Abin da ya fi damuna Baba ne. Ya rage cin abinci. Sai in gan shi ya ɗora hannun nan mara lafiya a cinya yana kallonsa.

Ran wata Asabar da hantsi muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Gwaggo ta leƙa ta dawo da sauri.

"Hajiya Uwa ce. Ɗanta yana zaure."

Aka shimfiɗa mata tabarma a rumfa kusa da Baba. Na kawo ruwa da fura, na koma gefe na zauna. Suka gaisa da Baba, ta yi masa ya jiki, ta tambayi Gwaggo gida.

Sannan ta ajiye kofin.

"Malam Sada, na zo ne da kaina don kar a aiko wani ya ƙara gishiri. Yaron nan ya nuna mini waya. Na tsare Ladidi, ta faɗi gaskiya da bakinta. Na mayar da ita Danja wurin iyayenta. Abin da na zarga a ranar, na janye shi, ku yafe ni."

"Allah ya yafe mana," in ji Baba.

Gwaggo ta fara hamdala, Hajiya ta ɗaga mata hannu.

"Ban gama ba. Sharri daban, abin da na gani daban. Na ga yarinya a kan benci tana huda bango. A garinmu ba a san wannan ba. Za a ce ɗana ya auri namiji ɗan'uwansa."

Baba ya gyara zama da ƙyar.

"Hajiya, shekara da shekaru ina yi wa 'ya'yan mutane kabad da gado. Rabin amaren Makera a kan aikina suka tare. Kullum ina cewa in na Mansura ya zo, zan yi abin da ban taɓa yi wa kowa ba." Ya kama hannunsa na dama da na hagu ya ɗaga shi, ya sake shi ya faɗi a cinya. "Da nata ya zo, ga abin da ya rage mini. Ba ni da wani hannu sai ita. Ni na sa ta."

Gwaggo ta juya baya tana share ido.

Hajiya ta juyo gare ni.

"Ke kuma fa? In na ce ki ajiye gudumar nan bayan biki?"

Na riga na san amsata.

"Hajiya, ba zan yi miki ƙarya don a ɗaura aure ba. Ba zan ajiye ba. Da ita muke ci a gidan nan, da ita ake sayen maganin Baba, kuma ina son aikin. Zan kula da ɗanki, zan girmama ki kamar wadda ta haife ni. Gidan can kuwa ba zan sake taka shi ba kafin biki sai da izininki."

"Ko da za ki rasa shi?"

"Zai yi mini ciwo ƙwarai... amma gara ki san ni yadda nake tun yanzu."

Gwaggo ta harare ni. Na ƙi kallonta.

Hajiya ta yi wani ɗan murmushi wanda ban gane ma'anarsa ba.

"Lokacin da mahaifinsu ya rasu," ta ce, "'yan'uwansa sun so su karɓi gonar su riƙa ba mu abinci. Na ƙi. Na ɗaura zane na shiga gona da kaina. Ba sunan da ba a kira ni ba a Mahuta. Da masarar gonar nan na rene su." Ta numfasa. "Na tsufa har na manta, na zo ina faɗa miki abin da aka faɗa mini."



"Aikin ya kusa ƙarewa?" ta tambaye ni.

"Na sama ne suka rage, Hajiya."

"To gobe bayan azahar. Ni zan zauna a ƙofar. In ga wanda zai buɗe baki."

Ta miƙe, ta ɗaga murya wajen zaure.

"Kai kuma da kake laɓe, na ga inuwarka. Ka ji ko?"

"Na ji, Hajiya," muryar Awaisu ta fito daga bayan labule, cike da murna.

Washegari mu huɗu muka shiga ginin. Baba a kujerarsa, Hajiya a kan tabarma a ƙofar kicin ta miƙe ƙafa saboda ciwon gwiwa, Awaisu ya naɗe hannun riga yana jiran umarni.

Na fara da jan layi a bango. Na ɗaura wani dogon katako a ƙarƙashin layin don kabad ɗin ya samu wurin zama kafin a ɗaure shi. Na huda ramuka, na cusa robobin da ke riƙe ƙusa a cikin bulo.

"Wancan ramin ya yi kusa da gaɓar bulo," in ji Baba. "Matsa kaɗan."

Na matsa.

"Manomi, ɗaga."

Awaisu ya ɗaga kabad ɗin farko ya ɗora a kan katakon. Na hau benci da filam, ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, na ɗora a samansa.

"Mene ne wannan?" Hajiya ta tambaya.

Na sauko na nuna mata. In ɗigon ya tsaya tsakanin layi biyu, abu ya miƙe. In ya gudu gefe, ya karkace. Ta juya shi ta sake juyawa, sai ga ta ta dafa bango ta miƙe.

"Ba ni, ni zan duba."

Ta manna shi a ƙasan kabad ɗin, ta sa ido sosai.

"Ya gudu hagu. Kai, ɗaga ɓangarenka."

"Hajiya, hannuna ya sage..."

"Buhun masara kake ɗauka, katako ne zai sagar da kai? Ɗaga."

Baba ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa haka tun kafin ya kwanta ciwo.

Na ɗaure na farko, na jijjiga shi da ƙarfi, ko motsi bai yi ba. Muka ɗora na biyu, na haɗa gefensa da na farko don bakinsu ya zo daidai. Lokacin da na sunkuyo ɗaukar ƙusa, Awaisu ya yi ƙasa da murya.

"Kin yi kyau da garin katako, amaryata."

"Riƙe da kyau, kar ka saki."

"Ai na riƙe ke nan har abada."

"Ina jin ku fa," in ji Hajiya, idonta a kan filam.

Kunya ta kama ni, na ɓoye fuskata a cikin kabad ina ɗaure ƙusar da ta riga ta ɗauru.

Da muka zo sa murafu, Awaisu ya nace sai an bar masa ɗaya. Na ba shi na ƙarshe, na kusurwa. Ya yi ta fama, ya kwance ya ɗaura, gumi na zuba, har dai ya rufu.

Kafin magariba mun gama. Na cire katakon tallafin, na toshe ramukansa, na goge ko'ina. Kabad farare a jere daga taga zuwa kusurwa, hannayensu na ƙarfe suna sheƙi.

Awaisu ya tallafi Baba ya shigo da shi har tsakiyar kicin. Baba ya bi murafun ɗaya bayan ɗaya da tafin hannunsa na hagu, yana buɗewa yana rufewa.

"Ya yi," ya ce a ƙarshe. "Allah ya yi miki albarka."

Wannan kalmar ta fi mini komai da aka ba ni a bikin.

An ɗaura aure bayan an gama girbi. Ranar jere ba ni nan, ina gida ana yi mini lalle, Gwaggo ce ta dawo da labari. Ta ce mata sun cika kicin suna buɗe durowa suna shafa katako. Wata 'yar'uwar Hajiya daga Dandume ta ce ita ma tana da 'yar da za ta aurar, a faɗa mata wane kafinta ne ya yi wannan aiki.

Gwaggo ta ce ita dai ta sunkuyar da kai.

Hajiya ce ta amsa, da ƙarfi yadda na falo ma za su ji.

"Surukata ce. In kina so sai ki bi layi, sashena za ta fara yi."

Washegarin tarewa na shiga kicin ɗina da safe na ɗora shayi. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan murafun. Na tsaya ina kallo, raina fari tas.

Awaisu ya shigo ya jingina da ƙofa.

"Uwargida kuma kafinta, ina kofuna?"

"Na kusurwa."

Ya buɗe. Murfin ya yi wata 'yar ƙara, ya ɗan sunkuyo gefe ɗaya.

Ya juyo yana ɓata fuska.

"Kafintata, aikinki ya samu matsala. Wannan ya karkace."

Na zuba masa shayin, na miƙa masa, na dube shi cikin ido.

"Shi ne wanda ka sa da hannunka, masoyi."

Ya dubi murfin, ya dube ni, ya fashe da dariya.

"To ki gyara mana."

"A'a," na ce. "A haka nake son shi."